Gidan abincin da na kalli wasannin Eagles huɗu a Filadelfiya, abin da ya yi min da wanda bai yi min ba

Tun da aka gama wasannin nan nake cewa zan yi rubutu kan wannan gidan abincin, aiki bai bari ba sai yanzu. Maganar kakar 2024 nake yi ta ƙwallon Amurka, wato wasannin sili ɗaya ƙwale da aka buga a Janairu da Fabrairun 2025, lokacin da Eagles ta garinmu Filadelfiya ta je har ƙarshe ta ɗauko kofi. Duk wasanninta huɗu a wuri ɗaya na kalle su, Lahadi huɗu, don haka ina ganin ina da bakin magana a kan wurin, na ga ranar da suka yi abin a yaba kuma na ga ranar da abin ya fi ƙarfinsu.

Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mai wurin mutumin kirki ne da ke neman halaliyarsa, ba na son wani ya ɗauki rubutuna ya je yana yi masa gori. Waɗanda suke zaune kudu maso yammacin Filadelfiya, wajajen titin Woodland inda 'yan Laberiya da Gini da Mali da Saliyo suka yi yawa, suna karantawa za su gane inda nake nufi. Mai shagon Bafulatani ne ɗan Gini, Alhaji kawai muke ce masa.

Dalilin da ya kai ni can shi ne dalilin da zai kai duk wani Musulmi da ke son kallo cikin jama'a a ƙasar nan. A Amurka in ka ce za ka fita kallon wasa to mashaya ake nufi, giya ce a kan kowane tebur, kai kuma ba sha kake yi ba, ka zauna da lemo a gabanka duk jikinka a takure, warin ya bi maka riga har gida. A gida kuma kai kaɗai da talabijin wallahi babu armashi, wanda ya taso yana biyan kuɗin shiga gidan kallo a Zariya, ana musu ana ihu ana dukan benci, ya san abin da nake faɗa. Wani abokina Badamagare da ke tuƙin tasi shi ya ce min mutumina zo mu je wajen Alhaji, ya saka manyan tibi uku, abinci halal ne, ba giya ba shisha, kuma akwai inda za ka yi salla. Na ce to gani ya kori ji.

Shagon dogo ne siriri, kana shiga kanta tana hannun dama da gilashin da ake jera abinci, tebura a hannun hagu har zuwa ciki, a ƙiyasina zai ɗauki mutum arba'in a zaune in an matsa. Tibi ɗaya a saman ƙofa, ɗaya a tsakiya wadda ita ce babbar, ɗaya can ƙurya. Bayan kicin akwai ɗan ɗakin ajiya da aka share gefe ɗaya aka shimfiɗa darduma, mutum shida za su iya sahu in buhunan shinkafa ba su yi yawa ba. Wannan ɗakin, duk da ƙanƙantarsa, shi ne abin da ya sa na ci gaba da komawa.

Ranar farko 12 ga Janairu, Eagles da Green Bay Packers, an take wasa ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ko zama ban gama yi ba wuri ya kaure da ihu, ashe a bugun farko ɗan Packers da ya karɓi ƙwallo an yi masa wani irin karo ta suɓuce masa, Eagles suka ɗauke, ba a jima ba suka ci. Ni a lokacin ƙa'idojin wasan sama-sama na sani, Allah ya haɗa ni tebur ɗaya da wani dattijo baƙar fata haifaffen garin, Musulmi, gemunsa ja da lalle irin yadda Musulman Filadelfiya suke yi, muna ce masa Baba. Shi ya jawo takardar goge hannu da biro ya ce ɗana kar ka bi ƙwallo da ido, ka bi layi. Kowace ƙungiya mutum 11 ne a fili, masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ka kai ta ƙarshen fili tacdawun kenan maki 6, sai a ƙara bugun ƙafa maki 1, in kuma ka buga ta tsakanin sandunan nan daga nesa maki 3. Wasan kashi huɗu ne na minti 15-15 amma saboda tsayawar agogo da tallace-tallace sai ya ci sama da awa uku. Daga ranar na daina ganin abin kamar ƙarti ne kawai ke kokawa, na fara ganin dabarar da ke ciki.

Abincin ranar kuwa ba abin da zan ce sai sambarka. Na yi odar cizstek, wato abincin da aka san garin nan da shi, dogon burodi mai laushi da aka cika da naman sa yankakke siriri-siriri, an soya shi a kan faffaɗan ƙarfe da albasa, cuku ya narke a ciki. Nasu ya bambanta da na sauran wurare don mai suyar yana ɗan barbaɗa wani haɗin yaji mai citta da tafarnuwa, kuma ba ya cika mai har burodin ya jiƙe ya yage a hannunka. Cikin minti goma sha biyar ya iso da zafinsa, da soyayyen dankali a gefe, kuɗin bai kai dala 15 ba. Abokina ya ci dibi, gasasshen naman rago irin na 'yan Senegal da albasa mai mastad, na ɗanɗana ɗaya sai da na sake miƙa hannu, ƙauri-ƙaurin gawayin nan ya shiga naman sosai. Zoɓonsu da lemon cittarsu su suke haɗawa, lemon cittar na da zafi har maƙogwaro, daidai da sanyin Janairu. Sikari dai ya ɗan yi yawa a zoɓon, na faɗa wa yaron da ke sabis ya ce haka mutane suke so.

Magariba ta faɗo wajen ƙarfe biyar ana cikin kashin farko, Alhaji da kansa ya zagayo yana taɓa kafaɗar mutane, salla salla, mu shida-shida muka riƙa shiga muna fitowa, wanda ya fito ya tsare wa wanda ya shiga kujera. Ba wanda ya yi maka kallon baƙon abu. Na kai shekaru a ƙasar nan ina laɓewa a bayan mota ko ƙarƙashin bene in yi salla a gurguje in na fita, ranar nan na yi ta a nutse cikin jam'i na dawo na tarar da abincina an rufe min shi da faranti. Eagles ta ci 22 da 10, sau uku ana cafke jifan Jordan Love, mai jefa wa Packers ƙwallo, sannan ga cin da Dallas Goedert na Eagles ya yi yana ture mai tsaron baya da hannu ɗaya har sau uku kafin ya shiga, Baba sai da ya miƙe tsaye duk da ciwon gwiwarsa.

Wani abu da na lura da shi tun ranar, kuma na yaba, rimot yana aljihun Alhaji, da zarar an sako tallar giya ko ta manhajojin caca sai ya kashe sauti. Wasannin nan tallar caca ta yi musu katutu, kowane hutu sai an ce maka saka dala biyar ka ci kaza, ga samari 'yan sakandare cike da wurin. Na ji shi da kunnena yana ce wa wasu yara biyu da ke duba waya, ku 'ya'yana ne, in caca za ku yi ba a shagona ba. Bai ɗaga murya ba, su ma ba su yi musu ba.

Lahadi ta biyu, 19 ga Janairu, ita ce ranar da ba zan manta ba, Eagles da Los Angeles Rams cikin dusar ƙanƙara. Rams ɗin ma sun zo da tausayin mutane a kansu don gobarar dajin da ta ci unguwanni a Los Anjalis ta sa wasansu na makon da ya gabata sai a Arizona aka buga shi maimakon gidansu. An fara ƙarfe uku, sararin sama ya yi duhu, kafin a je rabin lokaci ƙanƙara ta fara zuba, a tibi kana ganin filin Lincoln Financial, gidan Eagles, yana yin fari har sai an riƙa share layuka, ka juya ta gilashin shago ka ga ita ce dai take zuba a kan motocinmu, don filin bai fi 'yan mila kaɗan daga inda muke ba. A nan matsala ta farko ta fito. Ƙofar shagon ɗaya ce kuma kai tsaye take buɗewa kan titi, masu zuwa karɓar oda suna ta shige da fice, duk buɗewa sai iska mai ratsa ƙashi ta bugi teburan gaba, hitar kuma ɗaya ce can ciki. Mu da muka zo a makare muka samu teburin bakin ƙofa, da jaket da hular sanyi muka yi kallon, shayi na zuwa kafin ka kai rabi ya huce. Labule mai kauri na roba irin wanda ake sawa a ƙofar shaguna da hunturu ba wani kuɗi ba ne, na rasa me ya hana su sawa.

Matsala ta biyu ta fi ci min rai, kuma duk mai son kallo zai gane zafinta. Tibi ta tsakiya da ta ƙurya a kan akwatin kebul suke, ta saman ƙofa kuma ta intanet take jawowa, don haka tana baya da kusan rabin minti. Saura ƙasa da minti biyar a tashi, Eagles na gaba da 22 da 15, kowa zuciyarsa a wuya, mu a gaba muna kallo ana shirin jeruwa kawai sai muka ji can ciki wuri ya fashe, kujeru na faɗuwa, ana kabbara ana kiran Saquon Saquon. Muka waiga, muka juyo, sai a lokacin muka ga an miƙa wa Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo na Eagles, ƙwallo ya ratsa ta tsakiya ya fita, yadi 78 yana gudu cikin ƙanƙara yana dukan hular kansa da hannu, ba wanda ya kamo shi. Gudun da ya fi kowane kyau a duk kakar, mu kuma an riga an faɗa mana ƙarshensa. Wallahi abin ya yi min ciwo, kamar a ba ka labarin fim kana tsakiyar kallo. Na tashi na samu Alhaji a kanta na ce Alhaji don Allah wannan tibi ta gaba ko a haɗa ta da sauran ko a kashe ta, ya ce Malam ka yi haƙuri, mai gyaran ya yi min alƙawari tun watan jiya.

Dole muka bar teburin muka koma tsakiya muka tsaya a tsaye, gara sanyin ƙafa da wannan. Kuma Allah ya sa mun koma, don Rams ba su mutu ba, mai jefa musu ƙwallo Matthew Stafford ya dawo da su 28 da 22, suka sake karɓar ƙwallo suka taho har yadi 13 daga gidan Eagles saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Shagon ya yi tsit, mai suya ya bar naman a kan wuta ya fito da cokalinsa a hannu, Baba yana ta jan carbi. A dama ta uku Jalen Carter na Eagles ya fasa layi ya kayar da Stafford, a ta huɗu jifan ya tafi waje, shikenan. Barkley ya gama da yadi 205 a ranar. Akwai kuma ɗan abin da ya faranta min rai ni kaɗai a wurin, Moro Ojomo mai lamba 97, haifaffen Legas ne, shi ma ya kayar da Stafford sau ɗaya a wasan, na riƙa nuna wa 'yan Gini ina cewa namu ne wannan.

Bayan an tashi Alhaji ya sa aka dafa ataya, wato shayin nan mai ƙarfi, aka raba wa duk wanda ya zauna a teburan gaba kyauta, ya ce hakkin sanyi ne. Irin wannan halin nasa shi ke sa ka kasa riƙe shi a zuciya.

Wasa na uku ba zan ja shi ba don ba a sha wahala ba. Detroit Lions ce ta ɗaya a ɓangaren NFC, wato rabin gasar da Eagles take ciki, da nasara 15, Eagles ta biyu da 14, amma Washington Commanders da sabon yaronsu Jayden Daniels suka je har Detroit suka fitar da su 45 da 31, wannan ya sa wasan kusa da na ƙarshe ya dawo Filadelfiya ranar 26 ga Janairu. Taɓa ƙwallon farko da Eagles ta yi Barkley ya tafi yadi 60 ya ci, aka tashi 55 da 23. Abin da aka fi dariya a shagon shi ne lokacin da Eagles ta zo dab da layi za ta yi salon nan nata na turereniya, inda Jalen Hurts, mai jefa musu ƙwallo, ke rungume ta a tura shi ta baya, sai Frankie Luvu na Washinton ya riƙa tsalle ta saman mutane tun ba a fara ba, ya yi ya sake, har alƙalin wasa ya sanar cewa in aka ci gaba zai iya ba Eagles makin kawai. A ranar na zo da wuri na kama tebur a tsakiya, kuma na zo da maiɗakina da ƙanwarta. Nan ma akwai gyara, babu wani gefe da aka ware wa iyali, suna zaune samari na tsaye a kansu suna ihu, ba rashin kunya aka yi musu ba ko kaɗan amma sun takura, kuma da lokacin salla ya yi sai da suka jira maza suka gama kaf. Banɗaki ɗaya ne tak na maza da mata, a nan ake alwala a sink, ƙasa duk ruwa, babu ko buta sai robar ruwa da wani ya yanke. Maiɗakina ta ce abincin ya yi, aceke, wato wani abinci na rogo mai kama da dambu, da gasasshen kifi da soyayyar ayaba ta ci, ta yaba kifin sosai don ya gasu har ciki bai bushe ba, amma ta ce ba za ta sake zuwa ranar wasa ba. Fukafukan kazar da na yi oda a ranar kuma sun sha wuta fiye da kima, da alama tun rana aka soya aka sake ɗumamawa.

Da aka tashi samari suka ce sai titin Broad, inda ake taruwa murna har ana hawa sandunan fitilu duk da man da hukuma ke shafa musu. Baba ya riƙe hannun abokina ya ce ku tafi gida, na ga abin da hawan nan ke jawowa. A daren ne wani ɗalibi ɗan shekara 18 ya faɗo daga kan sanda, bayan kwana biyu ya rasu a asibiti. Da muka haɗu a wasan gaba ba wanda ya tayar da maganar sai Alhaji da ya ce Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Sai babbar rana, Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, 9 ga Fabrairu a New Orleans, Eagles da Kansas City Chiefs. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane nauyin wasan ba. Shekara biyu kafin nan, Fabrairun 2023, Chiefs ɗin nan ce ta doke Eagles 38 da 35 a wasan ƙarshe bayan wani hukuncin riƙo da har yau ake jin haushinsa, kuma ga su sun zo neman kofi na uku a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin Super Bowl, sun fitar da Buffalo Bills 32 da 29 sun taho. Kowa tsoron Patrick Mahomes, mai jefa wa Chiefs ƙwallo, yake ji. Mako guda kafin ranar Alhaji ya manna takarda cewa kujera sai da ajiye suna, kowane mutum dala 25 haɗe da faranti ɗaya da abin sha. Ban ga laifin wannan ba, ranar kasuwarsa ce, na biya na mutum biyu tun ranar Talata.

Inda aka samu matsala, sunayen da aka karɓa sun fi kujerun yawa. Na isa biyar da rabi, awa guda kafin a fara, na tarar wuri ya cika ba masaka tsinke, teburin da aka ce namu ne wasu mutum huɗu na kai su ma da rasit ɗinsu a hannu. Ashe Alhaji na rubutawa a littafi, ɗan'uwansa kuma na karɓa ta waya, ba wanda ya haɗa lissafin. Ba a yi faɗa ba don duk mun san juna, aka jawo kujerun roba daga maƙwabta, ni na ƙare a kan kiret ɗin lemo an ɗora min kwali, abokina a tsaye ya jingina da firij har aka tashi. Abinci kuma na yi oda kafin a take wasa bai iso ba sai da aka kusa tafiya hutun rabin lokaci, sama da awa ɗaya da rabi, shinkafar jalof ta iso da ɗumi-ɗumi naman kuma yanka uku. Dalili a bayyane yake, kicin mai mutum uku ne, ga mu cike da shago ga odar waje ta manyan farantan fukafukai da mutane suka yi don kallon gida, direbobi na tsaye a ƙofa suna ƙorafi. Ya kamata a ranar ko dai su rufe odar waje daga ƙarfe biyar ko su ƙaro hannu. Wanda ya biya kuɗinsa tun Talata bai kamata ya zauna a kan kiret da yunwa ba, wannan gaskiya ce kuma na faɗa wa Alhaji ita a gaban idonsa.

To amma wasan da kansa ya wanke mana zuciya. Hurts ya buɗe da turereniyar nan, Jake Elliott ya ƙara 3, sannan abin da ya tayar da shagon gaba ɗaya, Mahomes ya yi jifa sai yaron nan Cooper DeJean, sabon shiga, a ranar da ya cika shekara 22, ya cafke ya juya da gudu yadi 38 har gida. Wani ɗan Mali da ban taɓa yi wa magana ba ya rungume ni ya ɗaga ni sama, zoɓo ya zube a kan littafin odar, mai suya yana buga murfin tukunya. Kafin mu dawo hayyacinmu Zack Baun ya sake cafke wata a kusa da gidan Chiefs, A.J. Brown ya ci, aka tafi hutu 24 da 0. Baba ya jawo ni ya ce ɗana ka lura, mutum huɗu kawai suke turawa kan Mahomes, sauran bakwai duk suna baya sun toshe hanya, kuma huɗun nan sun ishe shi, aikin Vic Fangio kenan mai tsara tsaron baya. Sau shida aka kayar da Mahomes a daren. Chiefs sun sa ƙarfinsu duka kan tare Barkley, sun kuma tare shi don yadi 57 kawai ya samu, sai Hurts ya yi ta cin su ta sama da ƙafa.

Hutun Super Bowl dogo ne saboda wasan mawaƙa, Alhaji ya kashe sautin ya ce lokacin isha ne, aka yi sahu uku bi da bi a ɗakin buhunan shinkafa, wasu samari suka yi gunaguni suna son jin waƙar ya ce ga wayoyinku nan. Da aka dawo Hurts ya jefa wa DeVonta Smith wata doguwa ta yadi 46 ta zama 34 da 0, daga nan kowa ya san an gama, makin da Chiefs ta samu daga baya na rage kunya ne kawai. An tashi 40 da 22, Hurts ya zama gwarzon wasa, kofin Super Bowl na biyu ga Eagles bayan na Fabrairun 2018. Na kira ƙanena a Zariya duk da wajen ƙarfe huɗu na asuba ne a can, bai san komai kan wasan ba amma ya taya ni murna. Na juyo na ga Baba zaune shiru hawaye na bin gemunsa, ya ce mahaifinsa ya yi ta jiran irin wannan daren har ya bar duniya bai gani ba, shi ga shi ya ga biyu.

Da mutane suka ragu Alhaji ya zo da littafinsa da ya jiƙe da zoɓo, yana bin waɗanda ba su samu kujera ba ɗaya bayan ɗaya yana mayar musu da dala 10-10. Na ce Alhaji bar shi, ya ce a'a Malam, kujera na sayar maka ban ba ka ba, ba zan ci wannan ba. Na karɓa.

In za ka je, ga abin da zan ce maka. A ranar da ba wasa abincinsu yana cikin masu kyau a unguwar, musamman cizstek da dibi da kifin, fukafukai kuma ka tambaya ko yanzu aka soya. Ranar wasa ka je da awa ɗaya da rabi kafin a fara, ka yi alwalarka daga gida, ka yi oda kana zama, ka nemi tebur daga tsakiya zuwa ciki, kar ka yarda da na bakin ƙofa. Wajen ajiye mota wahala ne in an yi ƙanƙara, gara ka hau jirgin kan titi da ke bin Woodland ya sauke ka kusa. Mai iyali kuma gara ya yi oda ya tafi da ita gida har sai sun ware wa mata gefe.

Na koma kwanakin baya da rana tsaka na ci dibi, na tarar an sa labulen roba a ƙofa kuma an ajiye butoci biyu a banɗaki. Tibi ta saman ƙofa dai har yanzu tana kan intanet, ana labarai na tsaya na gwada, ta tsakiya ta gama jimla ita tana farawa. Na nuna wa Alhaji, ya kama kai ya ce kafin Satumba, lokacin da ake fara sabuwar kaka, in sha Allahu.